Gyaran Da Banki Ke Yi Wa Mai Ƙaura Da Ajiyarsa

Kowa ya san gyara a kasuwa. In mai hatsi ta auna wa mutum mudu biyar, ta kan ɗebi tafi guda ta zuba a kai, ba don ta fi kowa kyauta ba, sai don ran kasuwa mai zuwa ya wuce 'yan'uwanta ya tsaya a gabanta. To, bankuna ma sun koyi wannan dabara, har a Ingila abin ya kai ga banki ya ba mutum tsabar kuɗi don kawai ya kwashe asusunsa daga wani banki ya kawo masa. Yanzu da kaka ta yi, kuɗin amfanin gona suna shiga hannu, ma'aikatan banki kuwa suna bin kasuwanni da laima da takardu, ya kamata manoma da 'yan kasuwa da akawuna su san yadda al'amarin ya ke a can inda ya fi ƙarfi, sa'an nan su san abin da ya yi kama da shi a nan ƙasar, da abin da bai yi ba.

YADDA ABIN YA KE A INGILA

Mutanen Ingila ba su son barin bankinsu. Wanda ya buɗe asusu yana saurayi, sau da yawa a nan zai tsufa. Da hukumar da ke lura da gasa tsakanin kamfanoni ta bincika, sai ta ba da rahoto cikin 1916 da ɗari, watau shekarar 2016, cewa cikin mutum ɗari uku kaɗai ke sauya banki a shekara. Manyan bankuna huɗu, Barclays da HSBC da Lloyds da NatWest, su ne ke riƙe da yawancin asusun jama'a. Dalilin wannan zama wuri ɗaya kuwa tsoron wahala ne. A can albashi ta banki ya ke shiga, kuɗin haya da na wuta da na ruwa da na inshora duk bankin ne ke cira ya biya ko wane wata bisa izinin da mai asusu ya bayar tun farko. In mutum ya tashi ƙaura, sai ya bi waɗannan ɗaya ɗaya ya sanad da su, in ya manta da guda kuwa a ci shi tara.

Sabo da haka cikin watan Satumba na 2013 aka kafa wani tsari na sauya asusu wanda kusan dukan bankunan ƙasar suka shiga. Mutum ya je sabon banki ya ce yana son ƙaura, ya zaɓi rana. Cikin kwana bakwai na aiki sabon bankin zai kwaso sauran kuɗin da ke tsohon asusu, ya kwaso dukan umarnin biya, ya sa a rufe tsohon. In wani ya yi kuskure ya aika da kuɗi tsohuwar lamba, sai su bi mai su zuwa sabuwa, har tsawon shekara uku a ƙalla. In kuma an sami tangarɗa aka ci mutum tara a dalilin ƙaurar, sabon bankin ne zai biya shi. Ba a karɓar ko kwabo a kan wannan aiki. Tun daga kafa tsarin an yi ƙaura fiye da miliyan goma ta wannan hanya, cikin 2023 kaɗai an yi fiye da miliyan ɗaya. Ƙananan masu sana'a ma, waɗanda ma'aikatansu ba su kai hamsin ba, suna ciki, watau yawancin manoman ƙasar suna iya amfani da shi.

Da hanya ta yi sauƙi sai bankuna suka shiga rige-rige. Wannan ya ce fam 100, wancan ya ce fam 175, cikin 2023 har wasu sun kai fam 200. Amma ba a banza su ke bayarwa ba. Banki ya san wanda ya kawo albashinsa yau, gobe shi zai zo neman rancen gida ko na mota, kuma kuɗin da ke kwance cikin asusun yau da kullum banki na juya su alhali ba ya biyan mai su wani abin kirki. Fam 175 kuɗin talla ne, kamar yadda mai takin zamani kan ba da ɗan buhu kyauta a gwada a gefen gona.

SHARUƊAN DA KE BIYE DA KYAUTAR

Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Ko wace kyauta tana da sharuɗa, ga su kusan iri ɗaya ne ko ina. Sai an yi cikakkiyar ƙaura, watau a rufe tsohon asusu. Wanda ya buɗe sabo ya bar tsoho a buɗe ba shi da komai. Sai an zuba wani adadi cikin ƙayyadadden lokaci, a ce fam dubu ko fiye cikin wata guda ko biyu. Sai an zo da umarnin biya guda biyu masu rai, ba matattu ba. Wasu kan ce a yi sayayya da kati sau kaza, ko a shiga manhajar bankin ta waya. Sa'an nan wanda ya taɓa karɓar irin kyautar a wannan banki, ko a wani banki da ke ƙarƙashin uwa ɗaya da shi, galibi ba a ba shi kuma. In sharaɗi guda ya kuɓuce, ko da kwana ɗaya ne aka makara, shi ke nan, an yi ƙaura ba goro.

Akwai masu wayo a can da suka mai da abin kamar sana'a. Ba su taɓa asusunsu na ainihi, inda albashi ke shiga. Sai su buɗe wani ɗan asusu na dabam, su ɗaura masa ƙananan umarnin biya biyu, su yi ta yawo da shi daga wannan banki zuwa wancan, suna karɓar kyauta a ko wace masauki. Doka ba ta hana ba. Amma fa ko wane banki ya kan duba tarihin bashin mai neman asusu, kuma duban ya kan bar alama a takardunsa. Wanda ya tara alamu da yawa cikin 'yan watanni, sa'an nan ya je neman babban rance, mai ba da rancen zai dube shi da wani ido. Don haka masu hankali cikinsu kan daina yawon tun da sauran watanni kafin su nemi bashin gida. Fam 175 ba ta kai a rasa rancen gida dominta ba.

Manomin Ingila kuwa nasa lissafin ya fi na ma'aikaci nauyi. Shi kuɗinsa ba ko wane wata su ke zuwa ba, in ba mai shanun madara ba. Ya kan kashe da yawa wajen shuka, ya jira girbi, tsakanin nan kuwa bankinsa ne ke ƙyale shi ya ci fiye da abin da ke cikin asusu har wani iyaka, in amfani ya zo ya biya. Wannan yarjejeniya ba ta bin mutum don kanta in ya yi ƙaura. Sai sabon bankin ya duba ya yarda, yana iya ƙi, yana iya ragewa. Manomin da ya bar bankin da ya san gonarsa shekara ashirin don 'yan fam, ya sayar da sa ne ya sayi igiya.

Wani abin lura kuma, ba mai ƙaura kaɗai ke samun lada ba. Akwai wani gidan ajiya da a ke kira Nationwide, wanda ba na masu hannun jari ba ne, na masu ajiya ne da kansu, kamar dai ƙungiyar gama-kai. Cikin 2023 ya raba wa mutum fiye da miliyan uku daga cikin membobinsa fam 100 kowanne daga ribar shekara. Waɗanda suka yi ta yawo ba su zauna sun cika sharuɗansa ba, wannan rabo ya wuce su.

Mai ɗa ko ƙane da ke karatu ko aiki a Ingila, in ya ji ya ce ya sauya banki, sai ya nemi sabuwar lamba kafin ya aika masa da wani abu, kada ya dogara ga tsohuwa.

A NAN GIDA FA?

A Nijeriya babu wannan tsari na kwana bakwai. Lambar waya tana bin mai ita in ya sauya kamfani tun 2013, amma lambar asusu mai alƙaluma goma ta bankin da ya ba da ita ce, ba ta ƙaura. Wanda ya sauya banki shi zai bi dillalinsa na Dawanau da kamfanin da ke sayen shinkafarsa da sakataren ƙungiyarsu ya ba kowa sabuwar lamba. Akawu kuwa sai ya rubuta wa ofishin albashi, ya jira su gyara, wani lokaci wata ya mutu bai ga komai ba. Shi ya sa a nan ba a faye ƙaura ba, ƙari a ke yi: mutum ya buɗe na biyu da na uku, ya bar na fari a kwance.

Kyautar ma dabam ce. Ba safai banki ke ce wa kowa ga kuɗinka a hannu ba. Abin da aka fi yi shi ne garaɓasa ta ƙuri'a: a ajiye Naira kaza, a bar su wata guda ko uku ba a taɓa ba, sa'an nan a jefa sunan mutum cikin ƙuri'a, mai rabo ya ci kuɗi ko babur ko buhun shinkafa. Bankunan waya kuma su kan ba da katin kira, ko su mayar wa mutum ɗan wani abu in ya sayi kati ko ya biya kuɗin wuta, ko su ba shi lada in ya kawo wani ya buɗe asusu.

Bambancin nan babba ne. Na Ingila, wanda ya cika sharaɗi lalle ya samu. Na ƙuri'a kuwa, cika sharaɗi izinin shiga layi ne kawai. A ce mutum 200,000 suka cika, kyaututtuka kuwa 100 ne. Ke nan cikin ko wane dubu biyu mutum ɗaya ne zai ci, sauran 1,999 sun bar kuɗinsu wata uku a wurin banki, hoton wanda ya ci ne rabonsu. Ba laifi ba ne mutum ya shiga in dā ma kuɗin na ajiya ne ba ya bukatarsu. Wauta ita ce a ɗaure kuɗin taki a garaɓasa, damina ta faɗi, a tsaya ana jiran ranar ƙuri'a alhali masara tana yin ja.

LISSAFIN DA YA KAMATA A YI

Kafin mutum ya sa hannu a takardar mai laima, sai ya zauna ya auna abin da za a ba shi da abin da za a riƙa cira.

Abin cira yana da yawa, ga shi ƙanana ƙanana, ba a jin fitarsa. Jadawalin da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki cikin Janairu 2020, ya sa kuɗin yin kati Naira 1,000, da Naira 50 ko wane wata uku na kula da katin asusun ajiya, da kuɗin kula da asusun yau da kullum wanda ya kai Naira ɗaya a kan ko wace dubu da ta fita. Akwai harajin Naira 50 a kan aiken kuɗi na Naira 10,000 zuwa sama. Saƙon waya da banki ke aikowa ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6 cikin 2025. Daga ran 1 ga Maris 2025 kuma aka sa Naira 100 a kan ko wace 20,000 da mutum ya cira a na'urar bankin da ba nasa ba, aka soke cira uku na kyauta da a ke yi a dā. Watau wanda ya koma bankin da ba shi da reshe a garinsu, in ya ciri Naira 200,000 don biyan 'yan ƙodago a na'urar wani banki, dubu guda ta tafi. A haɗa da kuɗin mota zuwa birni duk sa'ad da kati ya ƙi aiki, sai a ga katin kiran da aka ba shi ran buɗewa bai biya ko tafiya ɗaya ba. Ga manomin ƙauye, kusancin reshe ko na mai POS amintacce ya fi ko wace kyauta.

Abin samu kuwa, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne akwai ladan da doka ta riga ta ɗora wa bankuna. Tun Agusta 2022 Babban Banki ya mai da ƙa'idar cewa kuɗin ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da shi kansa ya ke yankewa. A ƙarshen 2024 ma'aunin yana 27.5, ke nan mai ajiya yana da 8.25 cikin ɗari a shekara. Bisa ma'aunin ƙarshen 2024 ɗin, wanda ya sayar da masara ya ajiye Naira 600,000, yana da 4,125 ko wane wata, cikin wata shida 24,750. Amma akwai tarko: in ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu cikin wata, ladan wannan wata ya faɗi. Dabara ita ce a raba: babbar ajiya a asusun da ba a taɓawa, kuɗin cefane da na fetur a wani. Wanda ya kiyaye wannan kaɗai ya fi yawancin masu bin garaɓasa samu.

Da yawa cikin masu ajiya ba su karɓar kuɗin ruwa sabo da addini, wasu kuma suna da shakka a kan ƙuri'ar ma. Su akwai bankunan da ba su mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki cikin 2012, da TAJBank cikin 2019, da Lotus cikin 2021, inda a ke juya ajiya a raba riba. Hukuncin kyauta da ƙuri'a kuwa wurin malamai a ke tambaya, ba wurin mai laima ba.

A tuna kuma, duk waɗannan ƙananan kifaye ne a gaban tsadar kaya. A Disamba 2024 tashin farashi ya kai kusan 35 cikin ɗari a shekara, ladan ajiya kuwa bai kai 9 ba. Shi ya sa manoma da dama suka gwammace su bar dukiyarsu a rumbu ko a turke. Wake cikin buhun nan mai riɓi uku da ba ya shigar da iska ya kan kai bazara ba ƙwaro ba magani. Sai dai rumbu ma ba ya da alkawari: waɗanda suka ɓoye hatsi da tsada a kakar 2024 suna jiran ya tashi, da yawansu sun sha kashi cikin 2025 da farashi ya karye. Raba ƙafa shi ne daidai, wani abu a rumbu, wani a turke, wani a banki don taki da iri.

ABIN DA YA FI KYAUTA

Tambaya ta fari ga ko wane gidan ajiya ita ce, yana da lasin na Babban Banki, kuma hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta tsaya masa? Cikin 2024 hukumar ta ɗaga abin da ta ke lamunce wa ko wane mai ajiya zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Ba a daɗe ba, ran 3 ga Yuni 2024, aka soke lasin bankin Heritage. Waɗanda ke da asusu a wani banki su aka fara biya, gama hukumar ta bi lambarsu ta BVN ta zuba musu a can ba tare da sun je ko ina ba. Ga amfanin asusu na biyu ke nan, ya fi ko wane babur na ƙuri'a. Wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5 kuwa, kamar babban ɗan kasuwar hatsi a kaka, ya kyautu ya raba ta banki biyu.

Masu damfara sun san mutane na son gyara, da ita su ke ɗana tarko. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, da lada ga wanda ya kawo wani, ta tsaya cikin Disamba 2016 da kuɗin jama'a. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe cikin Afrilu 2025. Banki na gaskiya ba ya ninka kuɗi, ba ya cewa a biya kafin a karɓi kyauta, ba ya kuma bugo waya ya nemi lambar sirri ta kati ko lambar da ya aiko ta saƙo. Duk wanda ya bugo ya ce an ci garaɓasa, a karanto masa lamba, ɓarawo ne.

Sauran magana ta masu bashi. Kada wanda ya ci rancen noma ya zaci in ya koma wani banki ya tsira. Tun ran 1 ga Agusta 2020 akwai ƙa'idar da ta ba banki ikon bin BVN na wanda ya ƙi biya, ya cire bashinsa daga asusunsa na sauran bankuna, in dai ya sa hannu a kan haka sa'ad da ya karɓi rancen. Wanda kuma ya ke nufin neman rance baɗi, ya sani za a nemi takardar shige da ficen kuɗinsa ta watanni da dama. Asusun da cinikin gona ya daɗe yana bi ta ciki shi ne shaidarsa. In ya watsa cinikin a asusu biyar, ko wanne zai nuna shi ƙaramin manomi ne.

Haka nan a tambayi mai laima matakin asusun da ya ke buɗewa. Na matakin farko, wanda a ke buɗewa da 'yan takardu kaɗan, an ƙayyade masa Naira 300,000, na biyu 500,000. Manomin da ya ba dillali irin wannan lamba a zuba masa kuɗin buhu ashirin, sai kuɗin su maƙale, ya kwana biyu yana safa da marwa. A kai BVN da NIN da sauran takardu tun farko, a ɗaga asusun kafin ranar ciniki.

In an auna duka aka ga ƙaura ta fi, lokacinta shi ne bayan an gama sayar da amfani, kafin hidimar damina ta taso. A buɗe sabon, a gwada shi da 'yan kuɗi kaɗan, a ga kati da saƙo suna aiki. A rubuta sunayen duk masu biyan mutum a takarda, a ba kowa sabuwar lamba. Tsohon kuwa a bar shi da rai har mai saye na ƙarshe ya biya, akawu kuma har ya ga albashi biyu sun shiga sabon. Daga nan a je reshe a rufe shi a rubuce, a karɓi shaida. In aka yi watsi da shi haka nan, bayan shekara guda za a sa shi cikin asusun da suka yi barci, in kuma ya shekara goma a haka, bisa ƙa'idar 2024, abin da ke ciki ya koma ajiyar Babban Banki, sai mai shi ko magadansa sun bi ta bankin da takardu kafin a mayar musu.